Abin da Ya Hana Kasko Kwana a Akurki

Dalilin da ya sa kakarku take hana ku kai wa kaji dusa da ruwa cikin akurki in magariba ta yi ba rowa ba ce, ko da yake ban ce muku ba ta da ita ba. Abin yana da asali. Ku gyara zama, mai jin barci kuma ya tashi tun yanzu, don ni ba na maimaita labari.

A zamanin da, kaza ba ta da 'yar jakar nan da kuke taɓawa a gindin wuyanta. Wuyan a miƙe yake har ciki, abin da ta haɗiya nan take ya wuce, kafin a jima yunwa ta dawo. Saboda haka kajin wancan lokaci ci suke yi dare da rana kamar awaki. Suna kuma magana, sai dai ba su cika faɗin abin da zai amfani mutum ba. Mutane ba su damu da yunwarsu ta dare ba. In duhu ya yi sai a kora su akurki a toshe ƙofa, manya su kwana suna mita, 'yan tsaki kuwa wanda ya kai safe ya kai.

A wani ƙauye da ake kira Rafin Kanya akwai wata mata, Tasalla, matar wani bafatake mai suna Dogara. Ita kaɗai ce a garin ba ta yarda da wannan tsari ba, kuma tana da dalilinta. Tana yarinya aka yi wata shekarar fari, rumbuna suka ƙare, rijiyoyi suka ƙafe. Wani dare ita da ƙanwarta Lami suka kwanta a tabarma guda ba abin da ya shiga bakinsu, da safe ita ta tashi, Lami ba ta tashi ba. Wannan baƙin ciki bai taɓa barin zuciyarta ba. Ranar da aka kai ta ɗakin miji, ba wanda ya sa ta, ta rantse cewa duk mai rai da zai kwana a gidanta sai da abinci da ruwa kusa da kansa.

Ta kuwa riƙe rantsuwar nan da gaske. Baƙo in ya sauka, sai ya farka ya ga kwanon tuwo a gefen tabarmarsa. Akuya tana kwana da harawa. Jakin Dogara ya yi ƙibar da ya fara ganin fatauci bai dace da shi ba. Dogara kansa, da aka kawo masa ita yana siriri kamar kara, sai da ya sake mazagin wando.

Tasalla tana da kaza guda, Fingi, mai gashi a hargitse kamar yanzu aka raba ta da faɗa. Tun tana 'yar tsako ta raine ta a gindin murhu, don haka Fingi ta tashi da tarbiyyar gidan kaf. Ta iya gaisuwa, tana da kunya, ba ta ratsa manya in suna magana. Babban abin da ta koya shi ne ba a cin abinci a gaban wani ba a yi masa bismillah ba.

Kun dai san yadda ake yi. Kana cin tuwo wani ya shigo, ka ce masa bismillah. Shi kuma ya ce alhamdu lillahi, yanzun nan ya tashi daga kan nasa, ko da rabonsa da abinci tun jiya. Kai ka fita kunya, shi ya fita kunya, tuwo yana nan inda yake. Da haka aka daɗe ana zaman lafiya. Abin da Fingi ba ta sani ba shi ne akwai waɗanda aka koya musu jin tayin, ba a koya musu amsar ba.

Da damina ta zauna, Fingi ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki masu yawa, har fukafukanta ba sa rufe su duka. Murna a wurin Tasalla ba a magana. Kullum magariba sai ta kai kasko guda na dusa da ɓarzajjiyar dawa, da wani kaskon na ruwa, ta ajiye a cikin akurki, ta yi musu sai da safe.

Wata safiya ta buɗe akurki ta tarar da kaskon dusa an suɗe shi tas.

Ta ce, "Madalla. Yaran nan sun fara ci da yawa."

Fingi ta ce, "Baƙo muka yi, uwar ɗakina."

"Wane ne?"

"Ɓera. Ya yi sallama ta ramin bango, ya same mu muna ci, na yi masa bismillah."

"Ya ce alhamdu lillahi?"

"Ya ce to."

Tasalla ta juya wannan amsa a ranta, don ba ta taɓa jin irinta ba. Can ta ce, "Bawan Allah, yunwa ce. Ai ba a hana baƙo." Da magariba ta ƙara dusar.

Ɓera ya dawo da matarsa. Kashegari ya zo da 'ya'yansa, daga nan sai surukai, sai wani kawunsa da ya ce wucewa kawai yake yi. Kowa ya shigo Fingi ta yi masa bismillah, kowa kuma ya ce to. Wani dare wajen wawaso suka ture kaskon ruwa, ƙasan akurki ya jiƙe sharkaf, ga sanyin damina. Da safe aka sami waɗansu 'yan tsaki sun sandare.

Tasalla ta yi kuka, ta binne su a bayan rumbu. Sannan ta zauna ta yi tunani mai zurfi, ta gano inda matsalar take. Abincin ne bai isa ba, shi ya sa baƙin suke faɗa, kaskon ruwan kuma ya yi rashin nauyi. Sai ta sauya kaskon dusa da babbar ƙwarya, ta kawo kwatarniya mai zurfi wadda ko ɗan akuya ba zai ture ba, ta cika ta da ruwa. Ba a ture ta ba kuwa. Da safe aka tsamo ɗan tsako guda daga cikinta, ya hau bakinta garin gudun turmutsutsu ya zame.

Dogara yana zaune a inuwar rumbu yana gyaran takalminsa. Mutum ne da ba ya sa baki a sha'anin mata da kaji, amma ran nan ya ɗago kai.

Ya ce, "Tasalla, na zaga garuruwa ba kaɗan ba, ban taɓa zuwa inda ake korar ɓera da dusa ba."

Ta ce, "Malam, ba korarsa nake yi ba. So nake ya ƙoshi."

Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ya koma kan takalminsa.

Labari ya bazu har ramukan bayan gari cewa an buɗe gidan sadaka a Rafin Kanya. Gafiya ta ji, ta biyo hayaniyar ɓeraye. Ita kullum a makare take zuwa, bayan an share ƙwarya. Ta leƙa ta ga ba komai, ta duba dama ta duba hagu, ta ɗauki ɗan tsako ta fita, ko sai da safe ba ta ce ba. Tun daga ranar ta mayar da abin al'ada.

Za ku ce me ya hana Fingi magana. Kunya ce. Ta yaya za ta dubi wadda ta raine ta a gindin murhu ta ce mata alherinki ne ke cinye mini 'ya'ya? Ta dai yi ta zagaye-zagaye. Wani yammaci ta ce, "Uwar ɗakina, yau kam ba ma jin yunwa sosai, da kin huta." Tasalla ta taɓa jikinta, ta ce lalle ba ta da lafiya, ta ƙara mata da gero a kan dusar.

Haka aka yi ta yi har ya rage saura ɗan tsako ɗaya, wani ɗan baƙi mai dogayen ƙafafu. Safiyar da Tasalla ta buɗe akurki ta gan shi shi kaɗai, Fingi ta fito ta tsaya a gabanta ba ta gaishe ta ba. Tun da take ba ta taɓa yin haka ba.

Ta ce, "Uwar ɗakina, in ƙwarya da kwatarniya suka shiga akurki yau, ni da wannan a daji za mu kwana."

Tasalla ta ce, "Daji, Fingi? Akwai muzuru, akwai dila."

"Na sani. Su ba sai na yi musu maraba ba."

"To ki daina yi wa ɓera bismillah mana."

Fingi ta karkata kai ta dube ta da ido ɗaya, ta ce, "Ke za ki iya?"

Tasalla ta san ba za ta iya ba.

Fingi ta ce, "A wurinki na koya. In abinci yana gabana a buɗe, mutum ya yi sallama, bakina ne ke faɗa tun kafin in yi shawara da shi."

"Na rantse, Fingi. Kin san abin da ya sa."

"Na san kin rantse. Ni ban rantse ba, 'ya'ya kawai na ƙyanƙyashe. Ga abin da ya rage." Ta ja ɗanta suka tafi bakin bola tono.

Ran nan Tasalla ba ta yi daka ba, ba ta hura wuta ba. Ta zauna a kan turmi ta zuba tagumi. In ta kai ƙwarya, ɗan tsakon nan ya tafi ke nan, ko a bakin gafiya ko a bakin muzuru. In ba ta kai ba, zai kwana ba komai a cikinsa, kuma ta fi kowa sanin yadda ƙaramin abu ke kwanciya da yunwa ya ƙi tashi. Duk ta inda ta ɓullo sai ta ga gawa. Tsoro ya kama ta sosai, rana kuma ba ta tsaya jiranta ba.

Da la'asar Dogara ya fito yana shirin tafiyar gobe. Ya zuba ƙuli-ƙuli da ƙanzo a burgaminsa, jakar fatar nan da matafiya ke ratayawa, ya ɗaure bakin. Ya ga matarsa a kan turmi tun safe, ya kuma ga ba alamar tuwo, sai ya gane maganar ta shafe shi. Ya tambaya, ta zayyana masa komai.

Ya ce, "Ni dai abin da na sani, shekara da shekaru ina tafiya da mutane, ban taɓa yi wa kowa bismillah a kan abin da ke cikin burgamina ba. Sai in na kwance na baje. Abin da ke ɗaure a wuyan mutum guzuri ne, ba a tayinsa."

Ya faɗa ne kawai don a tashi a ɗora tukunya. Tasalla ta dube shi, ta dubi burgamin, sannan ta dubi rigarsa ta zuwa kasuwa da ke shanye a kan igiya. Da ya shiga ɗaki ta ɗauko aska ta farke aljihun rigar, don saƙi ne mai taushi, ba wani ƙyalle a gidan da ya kai shi. Ta zauna ta ɗinka 'yan jakunkuna, babba da ƙarama, ta sa musu zare. Ta kira Fingi ta rataya mata babbar a wuya, bakin jakar daidai ƙarƙashin bakinta, yadda in ta sunkuya za ta tsinci ƙwaya. Ta rataya wa ɗan tsakon ƙaramar. Ta cika su da gero.

Fingi ta sunkuya ta gwada, ta ce, "Wannan ya yi."

Saura ruwa. Tasalla ta zuba ruwa a ragowar ƙyallen, ya tsiyaye. Ta ɗauro wa Fingi ɗan gora a wuya, Fingi ta taka sau ɗaya ta kifa da baki. Ta gwada ɓawon ƙwai, ta gwada kwasfar gyaɗa, duk suka zube a jikin ɗan tsakon har ya fara rawar sanyi. Tana cikin haka rana ta yi ja, ladan ya fara gyaran murya. Fingi ta tsaya da ɗanta a tsakanin akurki da ƙofar gida, tana jiran ta ga inda za ta nufa.

Ta ce, "Uwar ɗakina, mu sha yanzu mu ƙoshi. Ƙishirwar dare ɗaya za mu iya da ita, in dai an zo mana da wuri."

Tasalla ta ajiye musu ruwa a tsakar gida suka sha har suka ture. Sannan ta durƙusa ta shiga akurki ta jawo kwatarniyar nan da hannunta, ta kai gindin wata kanya ta tuntsurar. Tun da ta zo gidan ba ta taɓa yin aikin da ya yi mata ciwo kamar wannan ba. Ta toshe ƙofar akurki, ta kasa ce musu sai da safe.

Gari na wayewa ta iso da ruwa a guje. Ɗan tsako ya fito da ƙafafunsa, ya kafa kai a kasko.

Ta ce, "Baƙon ya zo?"

Fingi ta ce, "Ya zo, da shi da dangi. Ya yi sallama na amsa. Ya duba bai ga ƙwarya ba, ya tsaya yana jira. Na tambaye shi iyali, na tambaye shi ruwan bana."

"Sai me ya ce?"

"Ya ce yana jin ƙanshin gero."

"Kika ce me?"

"Na ce ni ma ina ji."

Ɓera bai haƙura da wuri ba. Ya yi ta dawowa yana shinshine-shinshine, kullum yana ƙara matsowa. Fingi kuma kullum tana ƙara tura jakar cikin gashinta, ta danne ta da wuya, ta hau kan sanda ta yi tsit, ko motsi ba ta yi don kada gero ya yi ƙara. Ɗanta ya kwaikwaye ta. Suka yi ta dannawa har fata ta rufe jakar, bakinta ya haɗe da maƙogwaro, zaren ya tsinke ya faɗi. Da ɓeraye suka ga ba ci, suka kwashe nasu ya nasu, suna cewa dama masu gidan ba su da mutunci. Gafiya kuwa hayaniyarsu take bi, da ta ji shiru ta sauya hanya. Duk 'yan tsakin da Fingi ta ƙyanƙyashe daga baya da jakarsu suka fito.

Dogara bai san abin da ya sami rigarsa ba sai a tsakiyar kasuwa, da ya jefa goro a aljihu ya ji shi a kan ƙafarsa. Da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallon wuyan Fingi, sannan ya ce, "Ya dai yi musu daidai?" Aka ce ya yi. Bai sake tayar da maganar ba.

Amma Tasalla ba ta huce ba. Abinci ta cika alkawari, ruwa ta karya, kuma ba ta iya yi wa kanta ƙarya. Tun daga maraicen da ta tuntsurar da kwatarniya, in magariba ta yi sai ta kife moɗarta a kan randa. Ba ta ƙara sa ruwa a baki sai ta kai wa kaji nasu da safe ta ga sun sha. Da damina abin da sauƙi. Da bazara ta zo, lokacin da mutum ke farkawa maƙogwaronsa a bushe kamar ya haɗiyi toka, sai leɓɓanta suka fara tsagewa.

Dogara ya ce, "Tasalla, rantsuwa in ta karye kaffara ake yi, a wuce wurin."

Ta ce, "Na yi, Malam."

"To ƙishirwar ta mece ce?"

"Suna can ba su sha ba."

Ya san ta, bai ƙara ba.

A lokacin ɗan baƙin tsakon nan ya zama zakara, dogo, mai jan tukku. Wata rana yana tono a bayan ɗaki ya ji wannan magana, ya je ya tambayi uwarsa. Fingi ta gaya masa gaskiya, cewa matar nan da ke kawo musu ruwa ba ta sha sai sun sha, kuma saboda shi ne. Zakara ya juya ya koma tononsa. Dama shi ba mai yawan magana ba ne, har ana zaton bebe ne.

A daren, tun da sauran duhu, taurari ba su ɓace ba, ya miƙe a kan sanda ya buɗe baki ya sanar da duniya cewa gari ya waye. Ƙarya yake yi, gari bai waye ba. Tasalla ta zabura ta ɗauki ruwa ta nufi akurki tana lalube. Zakara ya sauko cikin duhu, ba ya ko ganin kaskon sosai, ya tsoma baki ya sha, ya ɗaga kai yana kallonta. Bai koma kan sanda ba sai da ya ji ta buɗe randa.

Ta gane, ai ba yarinya ba ce. Ta ce, "Kai, gari bai waye ba."

Ya ce, "A wurina ya waye, Inna."

Kashegari ya sake, jibi ma haka, har zakarun maƙwabta suka ɗauka ba su san dalili ba.

Shi ya sa har gobe ake watsa wa kaji hatsi tun da sauran rana, su cika jakarsu, su sha ruwa, a fitar da kasko kafin a toshe akurki. In kuna shakka ku kama kaza da magariba ku taɓa gindin wuyanta, za ku ji guzurinta a ɗaure. Shi ya sa kuma zakara ke yin cara tun gari bai waye ba, yana tashin mutane cikin duhu, ku kuna jin haushinsa. Ku yi masa uzuri, ku tashi ku kai ruwan. Tasalla ta daɗe da rasuwa, amma har yanzu ba a sami wanda ya iya gaya masa ba.